Littafin Daminar 2022: Aikin Auna Ruwan Sama da Sa Ido Kan Rafi a Rikkos

27 ga Maris, 2022

Yau muka kafa ma'aunin ruwan sama a filin da ke bayan makarantar Islamiyyar unguwarmu, nan Rikkos a garin Jos. Tun ranar 14 ga Fabrairu da malaman jami'a suka shiga yajin aiki nake zaune a gida, kuma labarin ƙasa da yanayi nake karantawa, shi ya sa na ga gara in yi shi a aikace tunda aji ya rufe. Niyyar ita ce mu rubuta duk ruwan da ya sauka daga faɗuwar damina har ɗaukewarta, da zafin rana da sanyin dare, sannan mu riƙa lura da yadda rafin da ya ratsa unguwar yake tashi bayan kowane ruwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya min a rai.

Ma'aunin ba wani abu mai tsada ba ne. Babbar robar ruwa ce mai miƙaƙƙen jiki, muka yanke kanta muka kifa shi ciki ya zama mazurari, muka zuba kwaɓin siminti a gindinta don ya daidaita ƙasan kuma iska kada ta kwashe ta, sannan muka liƙa rula a jiki. Mun ɗaure ta a kan turke nesa da katanga da bishiyar mangwaro, don ƙa'ida ita ce tazarar da ke tsakanin ma'auni da duk wani abu mai tsawo ta kai ninki biyu na tsawon abin. Ƙanwata ce ke riƙe da littafi, yara uku 'yan aji shida kuma su ne masu dubawa kullum ƙarfe bakwai na safe. Na bayyana musu cewa milimita ɗaya a jikin rular nan yana nufin lita ɗaya ta ruwa a kan kowace murabba'in mita. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 ke nan yana zubo lita 100 a kowane milimita. Da suka lissafa jarka nawa ke nan, sai suka fara kallon robar da mutunci.

A shekarar da aka saba, Jos tana samun ruwa wajen milimita 1,300 zuwa 1,400, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba. Da wannan za mu gwada abin da muka samu.

10 ga Afrilu

Azumi ya kama tun ranar 2 ga wata. Zafi ya kai iyakarsa a garin nan, rana tana kewayen digiri 30, amma duk wanda ya baro Abuja ko Bauchi ya shigo cewa yake mu gode wa Allah. Dalilin tudu ne: garin yana kan tsayin mita 1,200 da wani abu daga teku, kuma iska tana rage zafi da wajen digiri shida da rabi a duk hawan mita 1,000.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi daga gabas. Ƙura ta fi ruwan yawa. Kwano biyu ya tashi a layin bayanmu. Rafi bai ko motsa ba, busasshiyar ƙasa ta shanye komai.

24 ga Afrilu

Mun je wurin Mai Unguwa neman izinin shafa fenti a ƙafar ƙaramar gadar da ke kan rafin. Na yi masa bayani cewa layi uku muke so: kore, ruwan ɗorawa da ja, don kowa ya ga inda ruwa ya kai ba sai an tambayi wani ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaro, jan nan a ina za ka sa shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya kawo mu ke nan. Ku kuka ga ambaliyar 2012, ku za ku nuna mana."

Ya ce idan muka sa ja a inda ruwan 2012 ya kai, to ranar da ya taɓa shi babu sauran mai kallo, kowa yana cikin ruwa. Ya tashi da kansa, da azumi a bakinsa, ya taka har bakin gadar, ya nuna da sandarsa wurin da in ruwa ya kai yake fara shiga gidajen da suka fi kowa gangarowa. Ya ce ja ya tsaya ƙasa da nan da kamu ɗaya, don a samu lokacin fitar da yara da tsofaffi. Haka muka yi.

15 ga Mayu

Damina ta zauna sosai tun bayan ƙaramar Sallah. Yanayin ruwan watan nan iri ɗaya ne: safiya garau, azahar zafi ya taru, la'asar hadari ya haɗo daga gabas ta wajen duwatsun Shere, iska ta riga shi isowa, sai tsawa, sai ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, ya wuce yamma. Ranar Laraba an yi ƙanƙara, ƙanana ne amma sun huda ganyen kabejin da ke lambun bakin rafi. Mutanen Jos sun saba da ƙanƙara a farkon damina, baƙi ne ke fitowa kallo.

Yaran sun tambaye ni me ya sa hadari ke zuwa daga gabas alhali na ce musu laimar daga teku take, ta kudu maso yamma. Tambaya ce mai kyau. Iskar da ke ƙasa-ƙasa ita ce ke kwaso laima daga Tekun Gini, amma a sama da ita akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke tura gajimaren hadarin. Tudun Jos kuma yana cikin wuraren da masana suka sani da haifar da irin waɗannan hadura: rana ta gasa duwatsu, iska mai laima ta hau, gajimare ya taru, ya kama hanyar yamma, wani har ya zubar da ruwansa a Kaduna ko Neja cikin dare. Wannan hawan da iska ke yi shi ya sa gefen Kagoro da Kafanchan, inda iskar teku ke fara cin karo da tudu, ya fi gefen Bauchi samun ruwa.

Hukumar kula da koguna da ruwan ƙasa, NIHSA, ta fitar da hasashen ambaliyar bana a wannan watan, kuma ta sa jihohi da yawa cikin haɗari. Na karanta wa Liman abin da na samu, ya ce zai faɗa bayan sallar Juma'a.

5 ga Yuni

Aikin gayya. Matasa sun fito da shebur da manjagara da baro biyu, muka kwashe lambatun babban layi tun daga bakin masallaci har inda yake zubawa a rafi. Abin da muka fitar daga bakin kwalbati ɗaya kawai ya isa misali: ledar ruwa a dunƙule da yashi, tsummokara, tsohuwar katifa, da taya. Rabin bakin kwalbatin a toshe yake. Duk ruwan da ya sauka a kan rufin gidajen layin nan ta wannan rami ɗaya zai bi, kuma mu da hannunmu muka rage masa rabi.

Ban ga laifin matan da ke aiken yara da shara bakin rafi ba kamar yadda wasu samari ke ta faɗa, don babu inda aka tanada musu. Amma zubarwa cikin lambatu lokacin da ake ruwa, wai ruwa ya tafi da ita, wannan kam dole a daina. Ba tafiya take ba, a ƙofar gidan na ƙasa da kai take tsayawa.

26 ga Yuni

Littafin ya fara nuna wani abu. Ranakun da ba a samu ko ɗigo a robar ba sun yi ƙaranci a watan nan, kuma rana ba ta daɗewa a waje. Shanya tana kwana biyu ba ta bushe ba. Da safe hazo yake rufe Dogon Dutse, kuma mutane sun fara fito da rigunan sanyi tun kafin Yuli.

Kawuna da ke sayo dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu ya dawo ranar Alhamis da motar da ba ta cika ba. Ya zo da ganye a leda ya nuna min: baƙin tabo kamar an ƙona gefen, a bayan ganyen kuma wani farin gashi-gashi. Ya ce gona takan kwana kore, bayan kwana uku ko huɗu ta koma baƙa, har wari take. Ya fasa dankali ɗaya da wuƙa, cikinsa ya yi ja-ja ya fara ruɓa.

Na ce, "Kawu, ba su yi feshi ba ne?"

Ya ce, "Sun yi, ɗana. Ka fesa da safe, la'asar ruwa ya wanke. Kuɗin wani maganin kuma daga ina, bayan abin da taki ya ci?"

Wannan cutar ita ce ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845. Abin da take so shi ne sanyi-sanyi da ganye mai kwana a jiƙe, wato daidai irin yanayin da muke rubutawa a littafinmu makonnin nan. Jihar Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawan ƙasar nan, saboda wannan sanyin tudun, har akwai tashar binciken dankali a Kuru. Sanyin da ya ba mu amfanin shi ne kuma yake buɗe wa cutar ƙofa idan laima ta yi yawa. Ga shi bana takin zamani ya yi tsada tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairu, manomi ya zuba abin da yake da shi a ƙasa, yanzu yana kallo yana ruɓewa. Abin ya tsaya min a rai, don da na ɗauka ɓarnar ruwa a bakin rafi kawai za mu gan ta.

10 ga Yuli

An yi babbar Sallah jiya. Yayyafi ya sa mutane ba su daɗe a filin Idi ba. Masu suya sun sha fama da jiƙaƙƙen itace. Mun roƙi mahauta da masu yanka kada a zuba kayan ciki da ƙaho a lambatu, kuma galibi an kiyaye.

Rafi ya taɓa kore sau da dama, bai wuce ba.

22 ga Yuli

Yau shekara goma cif da ambaliyar da ta ci unguwar nan. Daren Lahadi ne, 22 ga Yuli, 2012, a kwanakin farko na azumi. Ruwa ya yi ta sauka, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwan ya biyo rafi ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Mutum aƙalla 35 aka tabbatar sun rasu, da yawansu yara, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka nutse. Ina ƙarami a lokacin, abin da na riƙe shi ne ƙarar, da yadda aka yi kwanaki ana bin rafi ana neman gawa. A wannan shekarar ce kuma ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar, ta raba sama da miliyan biyu da muhallinsu.

Liman ya yi addu'a bayan Juma'a. Da yamma na kai yaran wurin wata dattijuwa da ta rasa jikoki a daren, da izininta, don ta ba su labari da bakinta. Abin da ta fi nanatawa shi ne ruwan da ya shigo ɗakinta ya fi ƙarfin ruwan da ya sauka a kan rufinta. Ta ce, "'Ya'yan nan, ruwan daga sama da mu ya zo. Kafin a ce a tashi, ya kai ƙirji."

Wannan maganar ta canja tsarin aikinmu. Robar da ke bayan Islamiyya tana faɗa mana abin da ya sauka a Rikkos ne kawai, alhali abin da ke cika rafin yana sauka ne can wajen Lamingo da duwatsun Shere. Yau na kira ɗan yayar mahaifiyata da ke zaune ta wancan gefen, ya yarda a kafa roba ta biyu a gidansu, kuma duk lokacin da ruwa mai ƙarfi ya tsinke a can zai turo saƙo ta WhatsApp nan take, ko da tsakar dare ne.

14 ga Agusta

Marka. Kwana da kwanaki sama a rufe, ruwa ba mai ƙarfi ba amma ba ya ɗaukewa. Da rana ma'aunin zafi ba ya wuce digiri ashirin da 'yan kai, wanda shi ne abin da aka sani da Agustan Jos, sai dai bana jiƙar ta fi. Gine-ginen ƙasa sun sha ruwa daga gindi. Katangu biyu sun zube a layinmu, ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Na lura duk inda katanga ta faɗi, indararo ne ke zuba a gindinta kai tsaye, ko kuma yaɓen simintin ƙasan ya ɓare. Mun bi gida-gida muna nuna wa mutane su jera duwatsu ko su tona 'yar hanya ruwan indararo ya yi nesa da bango.

Rijiyoyi sun ciko har ana ɗiba da hannu, kuma a nan wani haɗarin yake. Inda masai yake kusa da rijiya, idan ƙasa ta ƙoshi ruwan ɗaya yana ratsawa cikin ɗaya. Ma'aikaciyar lafiya da ke unguwar ta zagaya tana cewa a tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, kuma duk yaron da ya fara amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kama hanyar asibiti.

28 ga Agusta

Ga abin da muka fi buƙatar sani, kuma yanzu littafi ya nuna shi ƙarara. A watan Mayu, in aka yi ruwa mai ƙarfi, rafin yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya motsa, wani lokacin ma da ƙyar yake kai kore. Yanzu ruwan da bai kai wancan ba a jikin rula yana kai shi ruwan ɗorawa, kuma cikin gaggawa. Ƙasa ta ƙoshi, ba ta karɓar ƙari, duk abin da ya sauka gangarowa yake. Ga duwatsu a sama, ga rufin kwano da daɓen siminti da suka ƙaru a inda da gonaki ne. Don haka jimillar ruwan wata ba ita ke nuna haɗari ba. Abin dubawa shi ne yawan da ya sauka cikin awa ɗaya, da kuma abin da ya riga shi sauka a kwanakin baya.

Daren Talata aka gwada tsarin. Wajen ƙarfe ɗaya saura saƙo ya shigo daga Lamingo cewa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. A nan yayyafi kawai ake. Na ɗauki tocila na tashi maƙwabcina, muka je gada. Ruwan yana ƙasa da kore, yana tafiya a hankali. Muna tsaye launinsa ya juya ya zama ja, ƙararsa ta canja, sai ga reshen bishiya da robobi suna wucewa da gudu. Bai kai awa ɗaya da saƙon ba ya haye ruwan ɗorawa. Muka buga ƙofofin gidaje biyar na ƙasa, mata suka goya yara suka hau zauren Mai Unguwa, maza suka ɗaga buhunan abinci da katifu kan tebur da durom. Ruwan ya tsaya yatsu kaɗan ƙasa da ja, ya daɗe a nan, sannan ya fara sauka kafin kiran assalatu.

Da safe wani magidanci ya nuna ɓacin ransa cewa an tashi iyalinsa a banza. Na fahimce shi, fitar da jariri cikin sanyin Jos da tsakar dare ba ƙaramin abu ba ne. Mai Unguwa ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri. Ni na ce a buga, kuma gobe in ya kai nan za a sake bugawa." Mun dai yarda a gyara: a ruwan ɗorawa a tashi manya su shirya, sai ya doshi ja a fitar da yara.

18 ga Satumba

Labarin da ke zuwa daga sauran wurare ya fi namu muni nesa ba kusa ba. Jigawa tana cikin ruwa, garuruwan bakin kogin Haɗeja sun cika, gonakin shinkafa sun nutse. Wani abokin karatuna ɗan Gashuwa ya turo hotunan unguwarsu, kwalekwale ke yawo a kan titi. Na buɗe taswira na nuna wa yaran cewa ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadarmu yana cikin abin da ya isa can. Rafinmu yana shiga kogin Dilimi, Dilimi yana gangarawa jihar Bauchi, ya shiga kogin Jama'are, shi kuma ya haɗu da kogin Haɗeja a yankin Gashuwa, su zama kogin Yobe da ke zuba a Tafkin Chadi. Daga tudun nan kuma kogin Kaduna ya taso ya nufi Neja, Gongola ya nufi Binuwai, haka Mada da Shemankar ta kudu. Duk ruwan da ya yi mana yawa a nan, akwai wanda zai karɓe shi a ƙasa.

Hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, ta sanar cewa tun ranar 13 ga wata aka fara sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda ke kan kogin Binuwai. Mutane suna ta zagin Kamaru, amma madatsar da ta cika dole a rage ta, in ba haka ba ta fashe. An gama Lagdo a 1982, kuma tun lokacin ake maganar gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don ta tare ruwan idan an sako. Shekara arba'in ke nan ba a gina ba. Ban da haka, Lagdo ba ta da hannu a ruwan Haɗeja da Gashuwa, wannan ruwan sama ne da ya sauka a ƙasarmu.

9 ga Oktoba

Hadarin ƙarshen damina ya dawo irin na farko, iska da tsawa da yamma, amma tazara ta fara shiga tsakani. Rafi ya koma ƙasa da kore.

Yayana direban babbar mota ne, kuma yana cikin waɗanda suka maƙale a Koton Karfe, inda ruwa ya haye hanyar Lokoja zuwa Abuja. A Lokoja Neja da Binuwai suke haɗuwa, bana kuma dukansu a cike suka iso. Ya ce layin motoci ba a ganin ƙarshensa, kayan gwari suna ruɓewa a cikin mota, direbobi suna sayen ruwan sha da tsada. Tankokin mai ma suna cikin layin, shi ya sa Abuja ta shiga wahalar fetur. Inna ba ta barci sai ya kira. Shekaranjiya kuma jirgin ruwa ya kife a Ogbaru ta jihar Anambra da mutanen da ke gudun ambaliya, an ce 76 sun rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri.

17 ga Oktoba

An janye yajin aiki ranar 14 ga wata, don haka zan koma makaranta. Na miƙa dubawar safe gaba ɗaya ga ƙanwata da yaran, ni kuma zan riƙa haɗa lissafi a ƙarshen mako.

Jiya Ministar jin ƙai, Sadiya Umar Farouq, ta ba da alƙaluma: sama da mutum 600 sun rasu, sama da miliyan 1.3 sun bar gidajensu. Bayelsa ta yanke daga sauran ƙasa ta hanyar mota. Wannan ita ce ambaliya mafi muni tun 2012, kuma adadin mamatan ya wuce na wancan karon.

20 ga Nuwamba

Ruwa ya ɗauke tun ƙarshen Oktoba. Iska ta juya, yanzu daga arewa maso gabas take, leɓe ya fara tsagewa. Mun wanke robar mun bar ta a wurinta, don ranar da babu ruwa ma ana rubuta ta.

Na zauna na bi littafin daga farko. Robar gida ba ta kai ingancin ma'aunin hukumar kula da yanayi, NiMet, da ke filin jirgin sama na Heipang ba: bakinta bai daidaita sosai ba, kuma a ruwa mai iska wani yana tsallake mazurarin. Saboda haka ba jimillar shekara ce amfaninta ba. Amfaninta shi ne gwada rana da rana, da wata da wata, a wuri ɗaya, kuma a nan ta yi aiki. Ta nuna cewa daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba ƙasa ba ta samu hutun da za ta tsane ba, kuma duk tashin da rafi ya yi zuwa ruwan ɗorawa ya biyo bayan kwanaki ne a jere na ruwa.

A makon nan wasu masana na ƙasashe daban-daban masu nazarin alaƙar bala'o'i da sauyin yanayi suka fitar da rahoto kan ambaliyar Afirka ta Yamma. Sun ce ɗumamar duniya ta sa irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi ta fi yiwuwa da kusan ninki 80, ruwanta kuma ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin ɗari. Hujjar a fili take: iska mai ɗumi ta fi riƙe laima, wajen kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya, abin da ta riƙe kuma sai ta sauke. Sun kuma ambaci gini a hanyar ruwa da rashin magudanai cikin abin da ya tsananta ɓarnar. Yau kuma aka rufe taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Sharm el-Sheikh ta Masar, inda aka amince a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da irin wannan asara ta shafa. Ina fatan ya tabbata, ya kuma iso ga manomin Bokkos da na Haɗeja.

18 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Da asuba ma'auni yana sauka kusa da digiri goma, alwala sai da ruwan zafi, yaran kuma suna zuwa duba ma'aunin da hular sanyi da safa. Rafi ya koma siriri, masu lambu sun dasa injinansu suna ban ruwan karas da latas a bakinsa.

Yanzu ne lokacin aiki, tun ƙasa tana bushe. Mun zauna da Mai Unguwa da Liman da shugaban matasa ranar Juma'a. An amince a faɗaɗa bakin kwalbatin babban layi kafin Maris, kuma kowane gida zai ba da abin da ya sawwaƙa na siminti; wani birkila a unguwar ya ce aikin hannunsa kyauta ne. Za a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma a nemi wurin zuba shara da motar kwashewa, a haɗa da hotunan abin da muka fitar a watan Yuni. Masu gidaje biyar na ƙasa sun nemi a sa lambobinsu kai tsaye cikin masu karɓar saƙon Lamingo, har da magidancin da ya yi fushi a Agusta.

Ta ɓangarenmu, muna neman ma'auni na gaskiya mai bututun awo, ko da guda ɗaya ne, don mu gwada robobinmu da shi. Wani malamin Islamiyya a Gangare ya ce ɗalibansa za su kafa ta uku. Fentin gada ya koɗe, musamman kore da ruwa ya fi gogawa, za a sake shafawa a Fabrairu. Ƙanwata ta fara kwafe littafin cikin kwamfuta, ta kai ƙarshen Yuni.